Word da Excel suna sandarewa a sabar da ma'aikata ke shiga daga nesa: me suke jira?

Wa alaikumus salam, Malam. Na karanta bayaninka sau biyu. Ka ce kuna da saba (babbar kwamfutar da ake aiki a kanta tare) guda ɗaya mai Windows Server 2019, ma'aikata kusan 30 suna shiga cikinta ta Remote Desktop, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa, kuma ba a wuni ba a kira ka ba cewa Word ko Excel ko Outlook ya sandare, tagar ta yi fari-fari, an rubuta "Not Responding" a samanta. Ka ƙara RAM, ka goge Office ka sake ɗora shi, kana kashe sabar ka kunna kowane dare, amma har yau jiya i yau. Yanzu kana tambaya ko sayen sabuwar na'ura ne mafita.

Kada ka saya tukuna. Ba don na tabbata wadda kake da ita ta isa ba, sai don har yanzu ba a san ciwon ba, kuma idan ciwon ba na ƙarfin na'ura ba ne, zai bi ka har cikin sabuwar.

Ka fara da fahimtar ma'anar rubutun nan da ke tayar wa ma'aikata hankali. Windows yana rubuta shi ne idan taga ta yi sakan 5 ba ta karɓi saƙon da aka aiko mata ba, na danna maɓalli ko na motsa linzami. Word da Excel da Outlook kuwa, zaren aikin da ke kula da taga shi ne kuma ake ɗora wa wasu ayyuka da dama. Idan ya aika tambaya wani wuri ya tsaya sauraron amsa, ba zai waiwayi mai aiki ba sai amsar ta zo ko wa'adin jiran ya ƙare. Saboda haka mafi yawan abin da muke kira sandarewa ba mutuwa ba ce, jira ne. A kwamfutar mutum ɗaya duk abin da Word zai nema yana kusa da shi: faifan a cikinta yake, firinta na gefen tebur. A sabar haɗaka kuwa kusan komai a nesa yake. Furofayil ɗin ma'aikaci, wato saituna da fayilolinsa na kansa, yana wata sabar, firintarsa tana ɗakin da yake zaune, akwatin imel ɗinsa yana can wurin Microsoft ko wata na'urar, lasisi sai an tambayo, shi kansa hoton allon sai ya ratsa netwok kafin ya isa idonsa. Ko wanne daga cikinsu ya yi nawa, Office ne zai tsaya cak, shi za a gani, shi za a zarga. Wannan ne dalilin da sake ɗora shi bai amfane ka da komai ba. Tambayar da za ka riƙe a duk aikin nan ita ce: me yake jira?

Kafin ka taɓa komai a sabar, ka nemi alfarma wurin ma'aikatan na kwana uku. Duk wanda abin ya same shi ya rubuta lokacin har da minti, da manhajar, da abin da yake yi daidai lokacin: buɗe fayil ne, ajiyewa ne, kwafi da mannawa ne, ko buga takarda. Sannan ya gwada abu ɗaya kafin ya kira ka. Ya duba agogon da ke ƙasan allon sabar ko yana tafiya, ya gwada buɗe Start ko ya yi rubutu a Notepad. Idan duk waɗannan suna aiki Excel kaɗai ya tsaya, matsalar tana wajen Excel da abin da yake jira. Idan agogon ma ya tsaya, to ka bar Office ya huta, ba shi ba ne: ko layin da ke tsakanin ma'aikacin da sabar ne, ko sabar ce gaba ɗaya ta shaƙe.

Takardar nan ta kwana uku ita za ta raba maka hanya. Mutum goma su sandare a minti ɗaya, ka san abin da suka haɗa a kai ne, faifai ko sabar fayiloli ko wani aikin da ke tashi a wannan lokacin, kamar ɗaukar kwafin ajiya ko binciken manhajar riga-kafi. Mutum ɗaya ne kullum alhali maƙwabcinsa lafiya lau, ka nufi furofayil ɗinsa da firintarsa da abin da aka maƙala wa Office ɗinsa. Fayil ɗaya ne ke kayar da duk wanda ya buɗe shi, fayil ɗin ne. Na san da wuya mutane su jure rubutawa, musamman wanda aiki ya sha masa kai, amma ka lallashe su. Ko mutum biyar ne suka yi da gaske sun wadatar.

Kai kuma a naka ɓangaren ka buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, sashen Application. Lamba 1002 ita ce ta sandarewa, 1000 kuma ta faɗuwar manhaja ce gaba ɗaya, kada ka haɗa su domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Amma ka sani 1002 galibi tana fitowa ne idan an rufe manhajar da ƙarfi tana cikin sandarewar. Wanda ya yi haƙuri har Excel ya farfaɗo da kansa ba lallai ya bar alama a nan ba, shi ya sa takardar ma'aikatan take da muhimmanci. Umarnin perfmon /rel kuma zai zana maka kwanakin a jere, ka ga ranar da abin ya soma da abin da aka ɗora wa sabar a ranar ko kafinta.

Sai babban aikin, wato kama shi yana cikin yi. Da zafi-zafi akan daki ƙarfe. Ka gaya musu duk wanda ya sandare kada ya rufe, ya kira ka nan take. Ka shiga sabar da asusun mai gudanarwa, ka buɗe Task Manager, shafin Details. Za ka tarar da EXCEL.EXE birjik, don haka ka fito da layin sunan mai amfani ka gane na wanda ya kira. Ka fara duba CPU ɗinsa, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Idan sabar tana da cibiyoyin lissafi 16, zare guda da ya cinye cibiya ɗaya ƙurmus ba zai nuna fiye da kashi 6 cikin ɗari da ɗoriya ba. Sai mutum ya kalli jimillar ya ce ai na'urar hutawa take. Idan ka ga Excel ɗin ya kafe a irin wannan adadin ba ya sauka, to aiki yake, ba jira ba, kuma fayil ɗin za ka bincika: lissafai masu sake kansu a kowane motsi, ƙa'idojin canza launi da suka hayayyafa saboda yawan kwafi da mannawa, ko macro, wato 'yan umarnin da ake rubutawa a cikin fayil don ya yi aiki da kansa. Idan kuwa sifili yake nunawa, ka danna masa dama ka zaɓi Analyze wait chain. Wannan 'yar tagar sau da yawa takan faɗa maka sunan wanda ake jira kai tsaye, ko ta ce yana jiran netwok ne.

Idan sunan da ya fito splwow64.exe ne ko spoolsv.exe, masu kula da buga takarda a Windows, ka samu bakin zaren, kuma ko ba ka gan su ba ina so ka fara gwada firinta kafin komai, domin a irin sabarku ita na fi yawan kamawa. Mutane ba sa yarda da farko, sai su ce ai ba buga takarda nake ba. Abin da ba su sani ba shi ne Word da Excel suna tambayar direban (manhajar da ke sarrafa na'ura) firintar da aka zaɓa a matsayin ta dindindin game da girman takarda da iyakokinta, don su tsara shafi, ko da ba za a buga komai ba. Excel ya fi yin haka idan an ajiye fayil a yanayin kallon shafi ko na nuna inda shafuka suka rabu. A zaman nesa, firintar dindindin sau da yawa ita ce wadda Remote Desktop ya jawo daga kwamfutar ma'aikacin, don haka tambayar sai ta bar sabar, ta bi layi har kwamfutarsa, daga can ta nemi firintar. Idan firintar a kashe take fa?

Na taɓa yin kwana huɗu a kan irin wannan a wani kamfani. Wata ma'aikaciyar sashen kuɗi ce, duk safiya idan ta buɗe fayil ɗin albashi sai Excel ya tsaya kusan minti ɗaya, da rana kuma lafiya ƙalau. An canza mata furofayil, an duba fayil ɗin ciki da bai, ba a ga komai ba. Ranar da na zauna kusa da ita na ce ta yi yadda ta saba, sai na lura firintar da ke bayanta ba ta da ko ɗigon haske. Wanda ke kunna ta ba ya isowa sai wajen ƙarfe goma. Na mayar mata da Microsoft Print to PDF a matsayin firintar dindindin, ta rufe Excel ta sake buɗe fayil ɗin, kafin ta ɗauke hannu daga linzami ya fito. Ta juyo ta ce, "Malam, dama wannan ce duk ta hana mu sakat?" Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Gwajin ke nan, bai fi minti biyu ba, ka yi wa mutum uku da suka fi kuka. Idan ya yi aiki, gyaran dindindin yana cikin Group Policy, inda ake kafa wa Windows dokoki na bai-ɗaya, ƙarƙashin Remote Desktop Session Host, sashen Printer Redirection. Ka tabbata an kunna dokar da ke sa a fara amfani da direban Easy Print, wanda Microsoft ta kawo tun Windows Server 2008 don kada sai an ɗora direban kowace firinta a sabar. Ka kunna wadda ke cewa firintar dindindin kaɗai za a jawo daga kwamfutar ma'aikaci, domin mutum 30 kowa ya shigo da firinta biyar ba ƙaramin kaya ba ne a kan spooler guda ɗaya, wato spoolsv.exe mai jera ayyukan bugawa. Sannan ka buɗe Print Management ka kalli tarin direbobin da suka taru tsawon shekaru. Wanda ba a amfani da shi ka cire, wanda ya zama dole ka sa shi a yanayin Isolated, yadda idan ya maƙale ba zai ja sauran ba. Spooler ɗaya ne ga kowa a sabar, direba ɗaya mara kyau ya isa ya tsayar da Word ɗin mutum ashirin.

Na biyu a wurina shi ne faifai, kuma a nan Outlook ne ya fi jin jiki. Ba ka faɗi yadda kuke ajiye furofayil ba. Idan FSLogix ne, manhajar ajiye furofayil da Microsoft ta saya a 2018, ko User Profile Disks da ya zo tare da Windows Server 2012, to kowane ma'aikaci furofayil ɗinsa fayil ne guda na VHDX, mai aiki kamar faifai, a kan sabar fayiloli, ana ɗaura masa shi idan ya shiga. Duk abin da Office ya rubuta ko ya karanta a furofayil, netwok yake bi. Sabar fayilolin ta yi tari na sakan goma, kowa ya tsaya na sakan goma. Ka kafa Performance Monitor ya riƙa ɗaukar ma'aunai biyu na tsawon wuni, Avg. Disk sec/Read da Avg. Disk sec/Write, a sabar da ake shiga da kuma sabar fayilolin. Abin da muka saba aiki da shi shi ne ƙasa da milisakan 10 lafiya ne, idan kuwa ya zauna sama da 20 ko 25 mutane za su ji a jikinsu. Kada ka dogara da matsakaicin wuni, tsalle-tsallen za ka duba, ka gwada su da lokutan da ke takardar ma'aikata. Tunda Windows Server 2019 kake da ita, akwai kuma ma'aunin User Input Delay per Session, wanda ke nuna tsawon lokacin da dannawar mutum ke yi kafin manhaja ta karɓa. Shi ne ma'aunin da ya fi kusa da abin da ma'aikaci ke nufi idan ya ce abin ya yi nauyi.

Idan faifan ne, kada ka yi saurin cewa sai an sayi mai sauri. Ka fara rage masa kayan da ba dole ba. Outlook yana ajiye kwafin akwatin imel a fayil ɗin OST, wanda iyakarsa ta asali gigabait 50 ce, amma tun kafin ya kai can yake fara nauyi. Ka taƙaita abin da yake saukewa zuwa na wata 3 ko 6 ta Group Policy, tsofaffin saƙonni suna nan a sabar imel ba su ɓata ba. Abin da aka fi mantawa shi ne akwatunan haɗaka. Akwati ɗaya da mutum goma ke dubawa, idan an bar zaɓin Download shared folders a kunne, kwafi goma ne ke zaune a OST goma, kowane sabon saƙo a rubuta shi sau goma. Kashe wannan zaɓin kaɗai na sha ganin ya sauƙaƙa wa faifai ƙwarai. Fayilolin PST, na ajiyar saƙonnin Outlook, da aka ajiye a foldar netwok kuma, Microsoft ta daɗe tana gargaɗi a kansu, ka kwashe abin da ke ciki zuwa sabar imel.

Sai manhajar riga-kafi. Ba na ce ka kashe ta ba, kuma kada wani ya ba ka wannan shawarar ka ɗauka. Amma Microsoft ta wallafa jerin abubuwan FSLogix da ya kamata a keɓe daga bincike, har da fayilolin VHDX ɗin kansu da frxsvc.exe, kuma dole a yi keɓewar a ɓangarorin biyu. Sau da yawa ana yi a sabar da ake shiga a manta da sabar fayiloli. Ka duba kuma ba a sa cikakken bincike ko ɗaukar kwafin ajiya a lokacin aiki ba. Sannan Windows Search: daga Windows Server 2019 kowane mai amfani yana da nasa kundin bincike a cikin furofayil ɗinsa, don haka saitin RoamSearch na FSLogix ba a buƙatarsa a nan. Idan an kwaso shi a kunne daga tsohuwar saba, ka kashe. Bayanan abin da FSLogix ke ciki suna foldar Logs ɗinsa a ƙarƙashin ProgramData, idan akwai yankewa tsakaninsa da sabar fayiloli a can za ka gani.

Manhajojin da ake maƙala wa Office, na PDF da na taron bidiyo da na lissafin kuɗi da na sa hannu, gwajinsu mai sauƙi ne. Ka sa mutumin ya buɗe da winword /safe ko excel /safe ko outlook /safe, ko ya danne Ctrl yayin buɗewa, ya yi aikinsa a haka na rabin wuni. Minti biyar ba gwaji ba ne ga ciwon da ke zuwa sau uku a rana. Idan ya samu lafiya, kada ka yanke hukunci nan take, domin wannan yanayin yana tsallake har da Normal.dotm, samfurin da Word ke tashi da shi, da abin da ke foldar XLSTART, wadda Excel ke buɗe kayan cikinta idan ya tashi. Ka mayar da su ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya bayyana. Outlook ma yana taimakonka: duk lokacin da ya tashi yana rubuta lamba 45 a sashen Application, da sunan kowane maƙalalle da milisakan nawa ya ci kafin ya tashi.

Akwai kuma jiran wanda ba ya nan. Wannan yana ba ni tausayi domin ma'aikata kan sha wahalarsa shekaru ba wanda ya gano. Takardar Word tana riƙe da adireshin samfurin da aka ƙirƙire ta da shi. Idan samfurin yana wata tsohuwar saba da aka daɗe da kashewa, duk buɗewa sai Word ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar, ya jira har ya gaji, sannan ya buɗe takardar. Haka Excel yake yi da fayilolin da aka haɗa lissafinsu da wasu fayiloli a wurin da babu shi yanzu. Haka tagar Save As take yi idan akwai faifan netwok da ya yanke, ko faifan kwamfutar ma'aikaci da aka jawo cikin zaman ta \\tsclient a kan layi mai rauni. Process Monitor na Sysinternals, kayan binciken Windows na Microsoft, ne ke tona wannan. Ka tace shi ya nuna manhajar mutumin kaɗai, ka fito da layin Duration, ka nemi inda aka yi dogon shiru. Sau da yawa za ka ga sunan wata saba da kai kanka ka manta an taɓa yin ta, a gefensa an rubuta BAD NETWORK PATH. Idan kuma a wurin kwafi da mannawa ake tsayawa, musamman manyan layukan Excel, ka kashe rdpclip.exe, mai kai abin da aka kwafa tsakanin sabar da kwamfutar ma'aikaci, na zaman mutumin ka sake tayar da shi ka gani.

Ga wasu abubuwa masu saurin dubawa. Yawancin irin sabar nan ba su da katin hoto, Office kuwa yana son amfani da shi wurin zana allo. Ka hana shi ta Group Policy, ko ka shiga Registry, ma'ajiyar saitunan Windows, ka sa DisableHardwareAcceleration ya zama 1 a ƙarƙashin Software\Microsoft\Office\16.0\Common\Graphics na kowane mai amfani. Sannan idan Microsoft 365 Apps kuke amfani da shi, ka tabbata an ɗora shi da Shared Computer Activation, domin shi aka tanada don na'urar da mutane da yawa ke shiga. Wani lokacin abin da ake gani kamar sandarewa tagar neman kalmar sirri ce ta ɓuya a bayan Outlook tana jiran mutum, shi kuma yana jiranta. Alt da Tab sukan fito da ita.

Mu koma kan waɗanda agogonsu ma ke tsayawa. Remote Desktop yana bin ƙofa ta 3389, kuma tun Windows Server 2012 yana amfani da UDP tare da TCP, hanyoyi biyu na aika bayanai a netwok. UDP yana sa hoto ya yi santsi a layi mai kyau, amma ta cikin wasu VPN, wato amintaccen layin shiga netwok ɗin ofis daga waje, yakan sa allo ya daskare alhali a can cikin sabar komai na tafiya. Alamarsa ita ce mutum ya yanke ya sake shiga ya tarar duk abin da ya rubuta a lokacin daskarewar yana nan. A kwamfutar mutum ɗaya ka kunna dokar Turn Off UDP On Client, ko ka sa fClientDisableUDP ya zama 1 a Registry, ka ba shi kwana biyu. Idan ya warke, sai ka yanke shawarar ko a gyara VPN ɗin ko a mayar da kowa TCP daga ɓangaren sabar. Kada ka raina sabuntawar Windows a nan: a farkon 2025 wata sabuntawa ta sa zaman nesa yana daskarewa a Windows Server 2025 har sai da Microsoft ta fitar da gyara. Shi ya sa na ce ka duba ranar da abin ya soma.

Yanzu ga maganar ƙarfin na'ura, wadda ita ka tambaya tun farko. Idan sabarka a cikin VMware ko Hyper-V take zaune, wato tana raba babbar na'ura ɗaya da wasu sabobin, Task Manager ba ya ganin duk gaskiya, domin bai san lokacin da sabar ke tsaye a layi tana jiran babbar na'urar ta ba ta dama ba. A VMware ka duba CPU Ready, ma'aunin wannan jiran. Idan yana da yawa, ƙara mata cibiyoyin lissafi na iya ƙara dagula lamarin maimakon gyarawa. RAM ɗin da ka ƙara kuma, ka duba ko Office ɗinku na 32-bit ne. Idan shi ne, Excel ba zai wuce gigabait 2 ba a tsofaffin fitowa, ko 4 a sababbi, ko da sabar tana da 128. Ga mai manyan fayiloli, komawa 64-bit ya fi ƙarin RAM amfani nesa ba kusa ba, da sharaɗin maƙalallun manhajojinku suna da na 64-bit. Ka fito da layin GDI objects, wato kayan da manhaja ke zana allo da su, a Task Manager ma, iyakar kowace manhaja 10,000 ce, wadda ta doshi nan za ka ga maɓallanta suna ɓacewa kafin ta tsaya. Ka buga query session ka ga mutum nawa ne suka rufe tagar suka tafi ba su fita ba, zamansu na nan da Outlook da burauza a buɗe suna cin kaya. Ka sa wa'adin da za a riƙa fitar da irin waɗannan, amma ka sanar da mutane tukuna don kada a rufe wa wani aikin da bai ajiye ba. Tsarin Fair Share na Windows, mai raba CPU da faifai tsakanin masu amfani, mutane da yawa suna gaggawar kashe shi. Ni ba na fara da shi. Yakan takura wa wasu manhajoji masu yawan karatu a faifai, gaskiya ne, amma shi ne kuma ke hana mutum ɗaya ya danne sauran, don haka sai ma'auni ya nuna shi ne sannan a taɓa shi.

Wani abu da ya shafi Windows Server 2016 da 2019 musamman: duk shigar mai amfani tana iya ƙara dokoki a katangar tsaron Windows, su taru dubbai a Registry, har Start ya daina buɗewa, shiga ta yi nauyi, allo ya yi baƙi. Idan kana ganin waɗannan alamun tare da na Office, ka nemi bayanin Microsoft kan DeleteUserAppContainersOnLogoff. Ka ɗauki kwafin Registry kafin ka share tsofaffin.

Roƙona gare ka a duk wannan shi ne abu ɗaya a lokaci ɗaya, a kan mutum uku ko huɗu, ka rubuta ranar da abin da ka canza. Na san matsin da kake ciki, shugabanni na tambaya, ma'aikata na ƙorafi, zuciya na cewa a zuba duk magungunan a dare ɗaya. Idan ka yi haka ya warke, ba ka san wanne ya yi aiki ba, ranar da ya dawo ka koma farko. Idan kuma ya ƙaru, ba ka san wanne za ka janye ba. Kuma idan Office 2016 ko 2019 ne a sabar, ka sa a lissafinka cewa Microsoft ta daina tallafa musu tun 14 ga Oktoban 2025, wannan magana ce da ya kamata shugabanninku su ji ko da an gano ciwon a wani wurin.

Idan ka bi duk wannan bai fito ba, saura hoton ƙwaƙwalwar manhajar a daidai lokacin da ta tsaya. Ka sauke ProcDump, shi ma na Sysinternals ne, ka nemi lambar PID, wato lambar shaidar Excel ɗin mutumin, a Task Manager, ka ba da umarnin procdump -ma -h tare da lambar. Zai zauna yana gadi, da zarar tagar ta yi sakan 5 ba ta amsa ba sai ya ɗauka. Ka ɗauki biyu ko uku a lokuta daban-daban, ka buɗe su a WinDbg, manhajar Microsoft ta binciken irin hoton nan, da umarnin !analyze -hang, ka duba sunayen fayilolin DLL, wato sassan manhajoji, da ke kan zaren farko. Idan sunan da ba na Microsoft ba yana maimaituwa a duka, ka san kamfanin da za ka kira. Sai dai ka kula, duk abin da mutumin ya buɗe a lokacin yana cikin hoton nan, albashi ne ko wasiƙar sirri, don haka kada ka aika wa kowa sai da izinin masu bayanan.

Gobe da safe ka raba takardar rubuta lokaci, ka kunna ma'aunan faifai, ka canza wa mutum uku firintar dindindin. Bayan kwana uku ka dawo min da abin da Analyze wait chain ya nuna, da irin furofayil ɗin da kuke amfani da shi, da ko Office ɗin 32-bit ne ko 64-bit, da amsar tambayar agogo. Allah ya taimaka.